Kiyashi a fitsari bayan sabon maganin suga

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce tun da likita ya ƙara maka dapagliflozin fitsari ya yawaita, kiyashi na taruwa a bayi, awon fitsari kuma ya nuna suga, shi ne kake tambaya ko ciwon ne ya tsananta, ko ka ajiye maganin. Don Allah kada ka ajiye shi ba da sanin likitanka ba. Shekarata uku ke nan ina shan sa, kuma fargabar nan taka na yi ta. A makon farko na ga kiyashi sun yi baƙi a bakin masai da asuba, gabana ya faɗi, don da haka ciwon ya fara nuna kansa a jikina. Na auna jini a yatsa, sai na ga ya sauka ne ma. Da yake kimiyyar halittu na koyar a sakandare, na koma na zauna da littattafaina.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. A kwana guda su biyun suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini, amma fitsarin da mutum ke yi bai fi lita ɗaya zuwa biyu ba. Sauran duk komawa jini yake yi. Matatar ba ta zaɓe: ruwa, gishiri, suga, datti, duk tare suke zubowa cikin wani siririn bututu. A jikin bututun ne ake zaɓen. Akwai wasu furotin da ke dashe a bangonsa kamar 'yan dako, kowanne da irin kayan da yake ɗauka, ba ya taɓa na wani.

Wanda ya shafe ka sunansa SGLT2, a farkon bututun yake. Aikinsa har yau yana ba ni mamaki. A bayan kowace ƙwayar bangon akwai famfon da ke tura sodiyam, wato sinadarin gishiri, zuwa cikin jini ba dare ba rana, don haka cikin ƙwayar kullum a yunwace yake da sodiyam. Sodiyam ɗin da ke cikin bututu yana neman hanyar shiga, shi kuwa SGLT2 ba ya barin sa ya wuce sai ya goyo suga. Da haka ake kwashe kusan kashi 90 cikin ɗari na sugan, ɗan'uwansa SGLT1 ya ƙarasa ragowar a gaba. Inda gishiri da suga suka bi, ruwa na biye da su, ta wasu kafofi na ruwa zalla da ake kira akwaforin. Wani masani a Amurka, Peter Agre, shi ya gano su, har aka ba shi kyautar Nobel a 2003.

To su 'yan dakon nan suna da iyaka. Idan sugan jini ya haura wajen 180 a ma'aunin mg/dL, ko 10 a ma'aunin mmol/L, kaya sun fi ƙarfinsu, sai ragowar ya bi fitsari. Kiyashin da iyayenmu ke gane ciwon da su ke nan, kuma sun yi gaskiya. Amma naka na yanzu daban ne. Maganin da gangan yake ɗaure hannun SGLT2, don jiki ya zubar da suga wajen giram 70 a rana. Sugan da ya rage a bututu kuma yana riƙe ruwa, shi ya sa kake ta zarya. Saboda haka awon suga a fitsari ba zai ƙara gaya maka komai ba muddin kana shan sa. Na yatsa za ka riƙa dubawa, da na asibiti mai nuna matsakaicin wata uku.

Abin da ya wahalar da ni shi ne ƙaiƙayin gaba, sau biyu. Suga a wurin yana kiran ƙwayoyin cuta. Na yi nauyin baki na kusan wata guda, alhali magani kaɗan ne ya kawar da shi. Ka riƙa tsarki da ruwa sosai, ka tabbata wurin ya bushe, idan ya fara kuma ka faɗa wa likita da wuri.

Ruwan sha kada ya yi nisa da kai, musamman da zafin bazara. Idan jiri na ɗibarka in ka miƙe, ka sanar, balle in kana haɗawa da maganin hawan jini mai sa fitsari. Kafin azumi ka je ka tambaya, ni sai da aka mayar mini da shi lokacin buɗa-baki. Wanda nake roƙonka kada ka yi wasa da shi kuwa: in ka ji amai, ciwon ciki, kasala mai tsanani da numfashi sama-sama, ka tafi asibiti nan take ko da na'urarka ta nuna suga bai hau ba, kuma ka faɗa musu sunan maganin tun daga bakin ƙofa.