Gudun da Fiffike Ya Sani

Ɗana, jiya da la'asar muna rufe jirgi ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai na zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce. Cewa ka yi, “Oga, wayar da ke aljihuna ma tana nuna gudun mota da GPS, kuma ba ta kuskure. Me ya sa har yau jirgi yake dogara da wannan ɗan bututu, kullum muna lallaɓa shi kamar ƙwai?” Na ji daɗin tambayar nan. Yaron da ke neman dalilin aiki shi nake so ya riƙe sifana kusa da jirgi.

Ka tuna in mun shiga mota zuwa Zariya ka fitar da tafin hannunka ta taga. A cunkoson Kawo ba ka jin komai. Da an wuce Rigachikun direba ya taka, sai iska ta danno hannun baya, in kuma ka ɗan karkata tafin sama sai ka ji tana neman ɗaga shi. To, fiffiken jirgi ke nan. Shi bai san kwalta ba, bai san Kaduna ko Zariya ba. Iskar da ke dukansa kaɗai ya sani, ita ce ke riƙe da shi a sama. GPS kuwa ƙasa take aunawa: ɗazu kana nan, yanzu kana can, ga tazarar, ga lokacin. Ba ta da labarin iskar da ke ratsa fiffike ko kaɗan.

Bututun da kake gani ƙarƙashin fiffiken hagu na ƙaramin jirginmu, wanda a manyan jirage yake gefen hanci, sunansa bututun pito. Sunan wani injiniyan Faransa ya ci, Henri Pitot, wanda a 1732 ya ƙirƙire shi don auna gudun ruwan kogin Seine a Paris. Ka ga ya girmi jirgin sama da fiye da shekara 170. Bakinsa na fuskantar gaba, iska ta shiga ta rasa wurin wucewa, sai ta taru ta yi matsi. Abokin aikinsa shi ne ɗan ramin nan na gefen jirgi da na hana ka goga wa man ƙyalli. An sa shi inda iska ke shafa ta wuce ba tare da ta daka ba, saboda haka matsin sararin da jirgi yake ciki kawai yake ɗauka. Ranar da muka buɗe tsohon agogon gudu a kan benci ka ga wani ɗan faifan ƙarfe siriri mai kumbura kamar huhu. Iskar pito tana shiga cikinsa, iskar ramin gefe tana kewaye shi ta waje. Bambancin matsin biyu shi ke kumbura faifan, faifan ya ture ƙananan haƙora, haƙoran su juya allura. A manyan jirage kwamfuta ce ke wannan lissafi ta rubuta a allo, amma daga ramukan nan biyu take samun labari.

Yanzu ka riƙe wannan da kyau, don nan ne amsar tambayarka take. In ka ninka gudu sau biyu, matsin da ke cikin bututu yana ninkuwa sau huɗu. Ƙarfin da fiffike ke ɗaga jirgi da shi ma haka yake, sau huɗu. In iska ta rage kauri, matsin bututu ya ragu, ƙarfin fiffike ma ya ragu daidai da shi. Abu ɗaya ne ke motsa allura kuma yake riƙe da jirgi. Don haka idan matuƙi ya kalli agogon nan, fiffikensa ne ke ba shi labarin halin da yake ciki.

Muna auna gudun da noti, wato mil ɗin teku ɗaya a awa, daidai da kilomita 1.852. Dubi fuskar agogon ƙaramin jirgin nan, Cessna 172S. Farin zane ya tashi daga 40 zuwa 85, nan ne ake iya sauke faifan bayan fiffike gaba ɗaya. Kore daga 48 zuwa 129, gudun yau da kullum. Rawaya daga 129 zuwa 163, ba a shigarsa sai iska ta kwanta lumui. Jan layi a 163, ba a ƙetare shi ko da wasa, don jirgi ba motar da ake ƙure wa maleji ba ce, jikinsa na iya sakewa. Ƙasan kore kuwa shi ne inda iska ke daina bin bayan fiffike, jirgi ya saki ya fara faɗuwa. Kuma wannan iyaka tana hawa idan matuƙi ya kwantar da jirgi sosai a kwana.

Ga wani abu da za ka gani da idonka a watan Afrilu. Filin jirgin Kaduna yana kimanin ƙafa 2,000 sama da teku. An saita agogon ne a kan iskar bakin teku mai zafin digiri 15. In rana ta take zafi ya kai digiri 38, iska ta yi sako-sako, jirgi zai ji kamar yana filin da ya haura ƙafa 5,000. Littafin jirgin ya ce a ɗaga hanci a noti 55. Matuƙi ba zai sauya wannan lamba ba, 55 ɗin zai jira. Sai dai kafin allura ta kai wurin, jirgin zai yi gudu a kan titi fiye da yadda zai yi da sanyin safiyar Disamba, ya ci titi mai tsawo, injin ma ƙarfinsa ya ragu. Da GPS ya bi, da ya ja hanci tun fiffike bai ƙoshi da iska ba. Ƙa'idar da muke riƙewa a ka ita ce, kowace ƙafa 1,000 da aka hau, ainihin gudu cikin iska yana ɗara abin da allura ta nuna da kusan kashi 2 cikin 100. Shi ya sa babban jirgi a ƙafa 35,000 allurarsa na nuna wajen 260, alhali yana tsaga iska da kusan 450. A can sama ma har wani ma'aunin suke ƙarawa, lambar Mach, mai gwada gudun jirgi da gudun sauti. Wannan karatun wata rana ne.

Kada ka ɗauka na raina GPS. Tana da aikinta, kuma babba ne. A ce ƙaramin jirgi ya tashi daga nan zuwa Kano da hunturu, tafiyar kusan kilomita 200 a miƙe, yana tsaga iska da noti 120. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, wato ta inda ya dosa. In tana kaɗawa da noti 20, a ƙasa 100 kawai yake ci, sai ya haura awa guda. A dawowa iskar na tura shi, ya ci 140, ya sauka bai cika minti 50 ba. Allurar gudu ba ta motsa ba a tafiyar biyu, don fiffike abu ɗaya yake ji. Lissafin mai da lokacin isa, wannan na gudun ƙasa ne, kuma nan GPS ta fi kowa. Matuƙin kirki da su biyun yake aiki, kowanne a muhallinsa.

Sai dalilin lallaɓawar. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wata damina da ta wuce, aka bar wani ƙaramin jirgi a waje kusan mako biyu ba murfi a bututunsa. Da safe na zo na haska tocila a bakin, sai na ga abu ja-ja can ciki. Na kwance bututun na kai benci, na fito da busasshen laka mai siffar ɗan tulu, da matacciyar tsutsa a ciki. Zanzaro ne ya yi gini. Daga waje bututun fes yake, yana ƙyalli. Na daɗe a zaune ina kallon lakar nan a tafin hannuna, don da rana ɗalibi ne zai tashi da jirgin.

Ka san abin da toshewa take yi? In baki kaɗai ya toshe, ɗan ramin tsiyayar ruwa da ke jikin bututun na buɗe, allura za ta faɗi sifili, matuƙi ya gane da wuri. In duka biyun suka toshe, iska ta kulle a ciki. Jirgi na hawa, matsin waje na raguwa, faifan na ƙara kumbura, allura na ta hawa, alhali wataƙila gudun raguwa yake yi. Agogo ya ce ka yi yawa, matuƙi ya rage wuta ko ya ɗaga hanci, fiffike ya saki. Haka ta faru a watan Fabrairun 1996 da wani Boeing 757 da ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika bayan ya yi makonni a ajiye. Kyaftin ya lura tun a kan titi cewa agogonsa ba ya aiki daidai, amma suka tashi. Jirgin ya faɗa teku, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun fi kyautata zaton ginin zanzaro ne ya toshe bututun. A watan Oktoban shekarar, wani 757 ɗin ya tashi daga Lima a ƙasar Peru da dare, an manta da salatif ɗin da aka liƙe ramukan gefe da shi wajen goge jirgin. Agogon gudu da na tsayi duk suka rikice, mutum 70 suka rasu. Wannan na biyun ya fi taɓa ni, ɗana, don hannun irinmu ne ya liƙa salatif ɗin, kuma idanu da yawa sun wuce ba su gani ba. A 2009 kuma ƙanƙara ce ta toshe bututun wani Airbus A330 a hanyarsa daga Rio zuwa Paris, matuƙan suka ruɗe, mutum 228 suka tafi. Saboda irin wannan ne manyan jirage ke da bututu fiye da ɗaya, kuma a Boeing in gudu ya kai noti 80 a kan titi, ɗaya matuƙin yakan faɗa da baki, ɗayan ya duba nasa agogon ya tabbatar.

Akwai hita a cikin bututun saboda ƙanƙara, don ko a nan ƙasar zafi, can cikin hadari sanyi ne mai daskarar da ruwa. Tana zafi sosai cikin ɗan lokaci. In muna gwada ta, kada ka damƙe da hannu, ka kusantar da bayan hannunka kawai, kuma ka tabbata an cire murfi kafin a kunna, in ba haka ba ya narke ya shige ciki.

Abin da ba na yafewa shi ne hura bututu. Na taɓa samun yaro mai ƙwazo, ya ga ƙurar hunturu a baki, ya kafa bakinsa ya hura don ya taimaka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Faifan nan da kaɗan yake aiki, hucin mutum ya ishe shi ya lanƙwashe. Allura ta daina komawa mazauninta, dole aka cire agogon. In za a share layin, sai an raba shi da agogo tukuna, a hura busasshiyar iska daga ciki zuwa waje. Kada ka zura waya ko tsinke, don in ka faɗaɗa bakin ko ka ƙarce shi ka sauya karatun. Kada fenti ko man gogewa ya kusanci ramin gefe. In dole sai an liƙe shi don wanki, a sa salatif mai launi mai doguwar jela, a rubuta a littafin aiki, wanda ya liƙa shi zai cire ya sa hannu.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, bayan asuba, ka taho da tocilarka da ƙaramin madubi. Za mu fara da zagaye jirgi, kai za ka cire murfin mai jan tuta ka haska ciki ka faɗa mini abin da ka gani. Daga nan mu haɗa na'urar gwaji, mu ɗora matsi a hankali har allura ta kai inda littafin jirgin ya ce, mu rufe, mu ƙirga minti guda. Kai za ka zauna a kujerar matuƙi ka sa ido, in allurar ta sauka ko da kaɗan ne ka kira ni, sai mu bi layin mahaɗa bayan mahaɗa har mu gano inda yake yoyo.