Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu Amurka: Batun Maƙala Da Muhawarar Aji

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni ina hanyar dawowa daga aiki, na karanta shi sau biyu a cikin bas. Allah Ya sanya albarka a gurbin karatun da ka samu, Ya sa a yi a sa'a. Ka gaishe mini da su Baba da Hajiya.

Ka ce wani ya ba ka labari wai a jami'o'in nan ana tilasta wa ɗalibi ya rubuta maƙala a kan zubar da ciki da auren jinsi, kuma duk wanda ya faɗi abin da addininsa ya ce sai a kayar da shi. Ka tambaye ni ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne, yaya Musulmi zai yi ya tsira da imaninsa da makinsa. Ban ga laifinka ba da hankalinka ya tashi. Da irin wannan fargabar na sauka a Minnesota.

Akwai ƙamshin gaskiya a labarin, amma an ƙara masa gishiri. Kusan kowace jami'a a nan tana da kwas ɗin rubutu na dole a shekarar farko, ko injiniya za ka karanta ko likitanci, kuma babban aikin kwas ɗin shi ne maƙalar kare ra'ayi. Sai dai yawanci kai za ka zaɓi abin da za ka rubuta a kai. Malamar da ta koyar da mu ma roƙonmu ta yi mu ƙyale zubar da ciki, ta ce ta karanta ɗaruruwan maƙaloli a kai kuma da wuya ta ga wadda ta zo da abin da ba a riga an faɗa ba.

Abin da ya kayar da ni wani abu ne daban, kuma saboda shi na zauna rubuta maka wannan doguwar wasiƙa.

Ka tuna muhawarar da muka saba a sakandare. A ce likita da malami wa ya fi amfani, a raba mu gida biyu. Ka miƙe ka gai da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, ka zuba Turancin da ka haddace, ka ɗaga murya, a yi tafi. Wanda ya fi zafin baki shi ke cinyewa. Insha'in jarrabawar WAEC kuma kalmomi 450 ne, mai dubawa na neman nahawu da tsari, bai damu ba ko ka gamsar da shi. Da wannan guzurin na zo.

Maƙalata ta farko a kan hukuncin kisa na yi ta. Jihar Minnesota ta soke shi tun 1911, amma jihohi irin su Texas suna zartarwa har yau, don haka maganar ba ta mutu ba. Na goyi bayan hukuncin, na kafa hujja da ayar ƙisasi ta cikin Baƙara, wadda ke cewa akwai rayuwa gare ku a cikin ƙisasi. Na cika shafi biyar ina ganin na gama magana. Da takardar ta dawo sai na ga maki C, a gefen sakin layin ayar kuma malamar ta rubuta da koren biro: "Na gane kai ka yi imani da wannan. Mai karatun da bai yi imani da littafin ba fa, me ka tanadar masa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata ga abin da ake faɗa nan ya tabbata. Kowane malami a nan yana da sa'o'in da yake zama a ofis don ganin ɗalibai, sai na je mata da takardar a hannu. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ba ta nemi in goge ayar ba, kuma irin tambayar nan ta rubuta wa waɗanda suka kafa hujja da Baibul. Ta ce in ba ta labarin yadda ƙisasi yake aiki. Na soma bayani: cewa dangin mamaci suna da haƙƙin su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe gaba ɗaya, kuma ayar da ta gabaci wadda na kawo tana kwaɗaitar da yafiya. Sai ta ajiye bironta. Ta ce a Amurka gwamnati ce ke gurfanar da mai kisa, dangin mamaci za a iya ba su dama su yi magana a kotu amma ba su ke yanke hukunci ba. Ta ce, "Maƙalarka ke nan, kuma ba ka rubuta ta ba."

Na koma na sake daga farko. Tambayar ta zama: wa ya fi cancanta ya yafe jini, gwamnati ko uwar da aka kashe wa ɗa? Ayar tana nan a ciki, amma wannan karon na bayyana hikimarta ta yadda wanda bai taɓa buɗe Alƙur'ani ba zai iya aunawa da hankalinsa. Na kawo har ƙorafin da za a iya yi mini, cewa mai kuɗi zai fanshi kansa a kashe talaka, na amsa iya ƙarfina. Ko taku ɗaya ban ja da baya daga abin da na yi imani da shi ba, kuma makin ya tashi.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Abin da ake aunawa shi ne ko za ka iya jawo mutumin da bai tashi a gidanku ba ya biyo ka taku bayan taku. Za su koya maka hanyoyi uku na gamsar da mutum da Aristotle, masanin Girka na dā, ya kawo a littafinsa na balaga: mutuncin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da hujjar hankali. Kada sunan ya sa ka ji kamar baƙon ilimi ne, domin Ibn Rushd na Kurɗuba ya yi wa littafin nan sharhi da Larabci tun ƙarni na 12. Akwai ma misali a ƙofar gidanmu. Lokacin da Shehu al-Kanemi na Borno ya rubuto yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Borno, Muhammadu Bello bai ɓoye wasiƙun ba. Ya kwafe su cikin Infaƙul Maisuri a 1812, da zafinsu da ƙarfinsu, sannan ya ba da amsa. Shi ya sa har yau muke iya karanta ɓangarorin biyu. Abin da malamarmu ke nema ke nan: ka faɗi hujjar abokin jayayyarka har shi kansa ya ce, e, haka nake nufi, kafin ka taɓa ta.

Muhawarar baki a aji ta fi maƙala wuya, domin mutumin yana zaune a gabanka. Wadda ba zan manta ba mun yi ta ne a ƙarshen 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ke sauraron ƙarar da aka kai jami'ar Harvard da ta North Carolina kan la'akari da launin fata wajen ba da gurbin karatu. An raba mu da ƙuri'a, na faɗo cikin masu adawa da tsarin.

Ni kuwa ka san tarihina. Na shiga sakandaren gwamnatin tarayya da makin da, in da ni ɗan Anambra ne ko Imo, ba za a ko kalli sunana ba. Tsarin raba daidai, wanda ke cikin kundin tsarin mulkinmu tun na 1979, shi ya buɗe mini ƙofa. Ga shi an ce in tsaya in rushe makamancinsa. Kwana uku ina shiri, kuma a kwanakin nan ne karo na farko a rayuwata na zauna na yi tunanin yaron da ya fi ni maki nesa ba kusa ba, aka ce masa babu gurbi saboda jihar da aka haifi babansa. Na sha jin 'yan kudu suna wannan ƙorafi a makaranta, na ɗauke shi ƙiyayya ce kawai. Da aka ɗora mini nauyin faɗarsa da bakina sai na ji nauyinsa.

Ranar muhawarar ajin ya yi zafi. Wani baƙar fata ɗan St. Paul, babban birnin Minnesota, ya ce kakansa yana da gida a unguwar Rondo, aka rushe shi lokacin da aka ratsa babbar hanyar I-94 ta tsakiyar unguwar baƙaƙen fata, kuma danginsu ba su sake mallakar gida ba sai bayan shekaru masu yawa. Yana magana muryarsa na rawa. Wata yarinya 'yar ƙabilar Hmong, wadda iyayenta suka zo daga sansanin 'yan gudun hijira a Thailand, ta ce ita a takarda "'yar Asiya" ce, a layi ɗaya da 'ya'yan likitoci, alhali mahaifiyarta ba ta iya karatu ba. Wani farar fata daga yankin ma'adinan ƙarfe na arewacin jihar ya ce babansa ya rasa aiki, kuma babu akwatin da zai cika a fom da zai nuna haka. Aka yi shiru, har na ji ƙarar na'urar ɗumama ɗaki.

Da aka zo kaina na gabatar da hujjar ɓangarenmu kamar yadda aka ɗora mini. Bayan an rufe, malamar ta ce kowa ya faɗi matsayinsa na gaskiya in yana so. Na ce musu ni ɗan irin wannan tsarin ne a wata ƙasa, kuma har yanzu ina goyon bayansa, domin na san ƙauyukan da ajin firamare ba shi da rufi balle malami. Amma na ce yanzu na san akwai wanda ya biya kuɗin kujerar da na zauna a kai, kuma ba zan sake kiran kukansa ƙiyayya ba. A ranar 29 ga Yunin 2023 kotun ta soke tsarin. Ni da yaron nan na Rondo muka yi waya a daren, mun fi awa ɗaya.

Ba kowace muhawara ke ƙarewa haka ba, kada in yi maka daɗin baki. Na ga an yi wadda wata ta fice tana kuka, a kan bindiga, 'yan watanni bayan an harbe yara 19 da malamai biyu a wata makarantar firamare a garin Uvalde na jihar Texas. Haƙƙin riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, kuma a aji ɗaya za ka samu wanda ya tashi yana farautar barewa da kakansa da wanda aka harbe wa ɗan'uwa a bakin titi. A irin wannan, saurare ya fi maka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka tambaye ka kai tsaye kan auren jinsi ko makamancinsa, ka faɗi abin da addininka ya koyar a taƙaice, da murya a kwance, ba zagi ba izgili, ka tuna cewa wataƙila wanda maganar ta shafa yana kujerar kusa da kai. Ba dole ba ne kuma ka amsa kowace tambaya. Wani lokaci za a juyo gare ka kamar kai ne wakilin Musulmin duniya ko kakakin Afirka, musamman in an ambaci Boko Haram. Kana da ikon cewa, "Ni abin da na gani a garinmu kawai zan iya faɗa."

Sai maganar da nake so ka riƙe da hannu biyu. Cikin aji daban, waje daban. Kai da bizar ɗalibi za ka shigo, kuma bizar nan ana iya soke ta. A watan Maris na 2025 jami'an shige da fice suka kama Rumeysa Ozturk, ɗalibar digiri na uku 'yar Turkiyya a jami'ar Tufts, a kan titi tana hanyar zuwa buɗa baki. Shekara guda kafin nan ta sa hannu tare da wasu a wani rubutu kan Gaza a jaridar ɗalibai. Ta yi kusan mako shida a tsare kafin alƙali ya ba da umarnin a sake ta. Tun watan Yunin 2025 kuma ana buƙatar masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta don a duba. Abin yana ci mini rai, domin ƙasar da ke koya maka kare ra'ayi a aji ita ce ke iya hukunta ka a kan ra'ayin a waje. Amma ba zan ɓoye maka ba. Maƙalar da ka miƙa wa malami tsakaninku ce, abin da ka saka a Facebook ko X kuwa ya fita hannunka. Baki shi ke yanka wuya, kuma iyayenmu sun sayar da abubuwa da yawa kafin a kai ga wannan tafiya.

Ka kiyayi kwafe. Ko jimla ɗaya ka ɗauko daga wani sai ka faɗi mai ita, akwai manhajoji irin su Turnitin da ke tonawa, hukuncin kuma yana iya kaiwa ga kora. Kusan kowace makaranta tana da cibiyar taimakon rubutu kyauta, ka riƙa zuwa tun makon farko.

Batun zaɓen jigo kuwa, ka ɗauki abin da ka fi kowa a ajin saninsa. Maƙalar da na fi samun maki a kanta ita ce wadda na yi kan almajirci, inda na yi jayayya cewa haramta bara ba tare da ciyar da tsangaya ba mayar da yaro gida ne cikin yunwar da ta koro shi. Na rubuta yaron da ke zuwa ƙofar gidanmu bayan magariba da robarsa mai tsaguwa a gefe, da yadda Hajiya ke ajiye masa ƙanzon tuwo daban. Babu wanda zai iya kwafo wannan daga intanet. Kai ka tashi kana ganin rikicin manoma da makiyaya a kan burtali, ka ga yadda canjin takardun Naira na farkon 2023 ya tsayar da kasuwar garinku. Duk waɗannan akwai ɓangare biyu masu hujja a cikinsu, kuma kana da fuskokin mutane a kowane ɓangare.

In ka iso ka rubuta daftarin farko, ka turo mini kafin ka miƙa. Ba zan rubuta maka ko jimla ɗaya ba, dokar makaranta ta hana. Zan dai karanta shi kamar mutumin da bai yarda da kai ba, in nuna maka inda ban gamsu ba. Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayanka,
daga St. Paul