Ana iya koya wa jiki saurin wartsakewa bayan motsa jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Shekarata 36, ina zaune a Anguwar Rogo, Jos. Ranar Lahadi kaɗai nake buga ƙwallo, amma cinyoyina ba sa saki sai Laraba, ko zaman tahiya da ƙyar nake yi. Ƙanena kullum yana fili, ban taɓa jin ya yi kukan tsamin jiki ba. Halitta ce, ko horo?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Halitta da shekaru suna da nasu rabon, amma abin da ya raba ka da ƙanenka yawanci sabo ne.

Wartsakewa iri-iri ce. Akwai ta nan take, wato yadda haki ke lafawa bayan ka bi ƙwallo da gudu. Wannan tana horuwa sosai. Mai sassarfa a kai a kai, zuciyarsa na tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini na ƙaruwa a tsokarsa, don haka iskar oksijin na isa da wuri. Kana iya gwadawa da kanka: da ka tsaya, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun, bayan minti ɗaya ka sake. Ka rubuta bambancin. Bayan wata biyu na atisaye za ka ga tazarar ta faɗaɗa. Idan kuma kullum abin da ke raguwa bai wuce bugu 12 a minti ɗaya ba, a duba maka zuciya.

Taka matsalar daban ce. Tsamin da ke hana ka zama yakan fara ne washegari, ya kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72. A fili za ka ji ana cewa laktet ne ya taru, wato sinadarin da tsoka ke fitarwa idan ta yi aiki mai ƙarfi. Ba shi ba ne. Kafin ka yi wanka ka ci abinci, cikin kamar awa ɗaya, ya riga ya tafi. Abin da ke faruwa shi ne 'yan zaren tsoka suna ɗan tsattsagewa a lokacin da tsokar ke riƙe nauyi tana miƙewa, kamar sa'ad da ka taka burki daga gudu ko ka juya kwatsam. Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Shere ya san wannan: hawan ne ke sa haki, amma gangarowar ce ke kwantar da mutum.

Abin sha'awa a nan, jiki ba ya manta wahalar da ya sha. Idan ka maimaita irin wannan aikin bayan ka warke, tsagewar da ciwon ba sa kai na farko, kuma kariyar kan ɗauki makonni. Sai dai takan tsaya ne a kan tsokar da aka motsa da irin motsin da aka yi. Kai kuwa kwana shida kana zaune, rana ɗaya ka ɗora wa cinya minti 90. Abin da ka ba ta bai kai ya zama horo ba, duka ne kawai. Ka ƙara kwana biyu a mako, Talata da Alhamis, minti 20 zuwa 30: sassarfa, tsugunnawa da tashi, gajeren gudu da tsayawa. A fara da kaɗan, domin jijiyoyin gwiwa da na agara ba sa saurin ƙarfafa kamar tsoka.

Akwai kuma ɓangaren da horo ba ya maye gurbinsa. Gyaran tsoka yana son barcin awa 7 zuwa 9 da abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nono, awara. Makamashin da tsoka ta ƙone yakan ɗauki kusan yini da kwana kafin ya cika, shi ma sai an ci tuwo, acca ko dankalin nan namu na Filato. Sanyin Jos yana yaudara, mutum ba ya jin ƙishi alhali ya yi gumi, musamman da hunturu.

Ina ganin matasa suna haɗiyar diclofenac kafin wasa. Ciwon yake rufewa, ba ya gyara komai, kuma ga mai ƙarancin ruwa a jiki yana iya taɓa ƙoda. Idan tsamin ya zo da kumburi mai tsanani, ko fitsari ya koma kalar shayi ba madara, kada a jira Laraba, a tafi asibiti a ranar.