Ku Tambaya: Zan iya ɗauko shatar jirgi daga Maradi in kai mahaifiyata Umra?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Mahaifiyata ta haura shekara 80, ƙafa ta ƙi, sai a keken guragu. Burinta ta sake ganin Ka'aba. Tafiyar mota zuwa Yamai kaɗai za ta kwantar da ita. Wani abokina ya ce in yi shatar ƙaramin jirgi, ya kira masa suna supa-midsaiz. Mu tara ne. Zai kai mu ba tsayawa? Nawa zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na yi shekaru ina yanka wa mutane tikiti, kuma ba kasafai nake samun wasiƙar da ta taɓa ni kamar taka ba. Hanyar Yamai ta fi kilomita 600, mai lafiya ma yana isa a gajiye, balle tsohuwa.

Abokinka bai yi kuskure ba. Wannan rukunin jirage ne matsakaita da suka ɗan tasa, masu ɗaukar mutum 8 zuwa 10. A cikinsu akwai Challenger 350 na kamfanin Bombardier, da Gulfstream G280, da Citation Longitude, da Praetor 600 na Embraer. Da tanki ɗaya suna cin wajen kilomita 6,000 ko fiye kaɗan, Praetor 600 ma yana haura 7,000. Mutum yana miƙewa tsaye a ciki, akwai bayan gida mai ƙofa, kuma da yawansu suna da doguwar kujera da Hajiya za ta iya kishingiɗa a kai. Daga Maradi zuwa Madina, in an miƙe, wajen kilomita 3,600 ne. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa ke kauce wa samaniyarta, don haka ka lissafa awa biyar zuwa shida. Duk da kewayen, nisan bai fi ƙarfinsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne jirgin ba a Maradi yake kwana ba. Daga Abuja ko Legas za a taso da shi, wani lokaci ma daga Turai, ya zo wayam ba kowa a ciki, kuma kai za ka biya wannan zuwan. In ya sauke ku a Saudiyya, ko dai ya zauna jiranku kwana goma kana biyan kuɗin ajiya da masaukin matuƙa da mafi ƙarancin awannin da kamfani ke cajewa kullum, ko ya tafi ya dawo, ka sake biyan tafiyar banza sau biyu. Na taɓa ganin wani bawan Allah da aka gaya wa kuɗin awa ɗaya a waya, ya ninka da awannin tafiyarsa, ya yi murna. Da takardar gaskiya ta zo sai ya ga ta kusa ninka abin da ya lissafa. Ba a cuce shi ba, bai dai tambaya ba ne.

Kuɗin awa a irin waɗannan jirage yakan kama daga Yuro 6,000 zuwa 9,000, wato miliyan 4 zuwa 6 na sefa. Zuwa da dawowa, haɗe da ɗauko jirgin da mayar da shi, a lissafina ba za ka sauka ƙasa da awa 13 ba. Ka ga ana maganar miliyan 52 zuwa 78 ke nan, kafin kuɗin sauka da na izinin ratsa ƙasashe. Ka nemi a rubuta maka jimilla ɗaya wadda ta haɗa komai, daga kamfani uku aƙalla.

Sai filinmu na Maradi. Titinsa bai kai na Yamai tsawo ba, kuma zafi yana rage wa jirgi ƙarfin tashi. A watan Afrilu ko Mayu, da rana tsaka, zafi ya wuce digiri 40, mutum tara da kayansu da tanki cike, matuƙi na iya cewa sai an rage mai, a tsaya a sha a hanya. Shi ya sa nake ba da shawarar tashin safe, bayan asuba. Lokacin hunturu kuma hazo ne abin tsoro, yana iya hana sauka gaba ɗaya. Ka sa kamfanin ya tabbatar maka a rubuce cewa ya shirya man jirgi, da jami'an duwan da ƴan sandan da za su buga muku fasfo a nan. In bai samu ba, za ku fara sauka Yamai, wanda ba laifi ba ne, ƙarin awa ɗaya ne da ɗoriya.

Kaya kuwa, ka ja wa iyali kunne tun yanzu. Ɗakin kayan Challenger 350 bai wuce kubik mita uku ba, kamar akwati goma matsakaita, kuma keken Hajiya zai ci nasa wurin. Mun san yadda tsarabar Makka take. Dabino da dardumai su biyo ta kago, wato jirgin dakon kaya.

Abu biyu nake roƙonka kada ka yi wasa da su. Ka ce a nuna maka takardar izinin jigilar fasinja ta kamfanin, wadda ake kira AOC, da inshorar jirgin. Akwai dillalai da ke bayar da jirgin wani attajiri a ɓoye da araha, in wani abu ya faru ba mai biyan kowa. Sannan ka kai Hajiya likita ya duba ko za ta iya tafiyar sama, in tana bukatar iskar oksijin a sanar da kamfanin da wuri. Matakalar jirgin ƙunci gare ta, ƴaƴanta biyu masu ƙarfi za su ɗauke ta a hannu.

Da ni ne, Madina zan fara sauka. Ta huta kwana biyu, ta yi ziyara, ta ɗauki harami a Zul Hulaifa cikin natsuwa, maimakon a yi ta fama da niyya a sama kafin Jidda.

Ka kuma auna wannan, Alhaji: in hanyar mota ce kaɗai damuwar, ƙaramin jirgi mai farfela zai kai ku Yamai ko Kano, daga can ku shiga babban jirgi, Hajiya da mai kula da ita a kujerun gaba. Kuɗin zai ragu ƙwarai, amma akwai jira a fili da ɗaukarta sau biyu. Kai ka san jikinta fiye da ni. In ka samu takardun farashin, ka aiko mini in duba maka su kafin ka biya ko dala.