Ar'ar ɗin Ɗa'ifa zai yi a Kumasi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya dawo daga Umara da 'ya'yan wani itace da ake kira ar'ar da ya saya a Ɗa'ifa. Ƙafafunsa na kumbura, likita ya ce ƙodarsa ta fara gazawa, shi kuwa kullum da safe sai ya dafa su ya sha, don an ce masa suna wanke ƙoda. Sun kusa ƙarewa, hankalinsa duk ya tashi. Na shuka wasu a bokiti, wata guda ke nan ko tsiro babu. Yaya zan yi su fito? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya.

In 'ya'yan ka tura cikin ƙasa da namansu, nan matsalar ta fara. Jiƙa su kwana guda, ka murje su a kan rariya har ƙwayoyin su fita, ka zuba a ruwa. Waɗanda suka taso sama ka zubar, fanko ne, kuma za ka tarar suna da yawa, balle na kasuwa da aka busar don sha. Waɗanda suka nutse ka shuka su sama-sama a yashi mai gauraye da ruɓaɓɓen ganye, a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan. Bokitin da ba a huda gindinsa ba zai ruɓar da su. Tsirowa kan ɗauki makonni, wani lokaci wata biyu ko uku, sannan tsiron ya yi shekara ɗaya ko biyu a leda kafin dashe.

Amma gaskiya ko ya tsiro ba na sa ran zai yi ƙarko a nan. Ar'ar na duwatsun Ɗa'ifa da Abha a Saudiyya, wato Juniperus procera, shi ne na tsaunukan Habasha da Kenya da Tanzaniya, itacen tudu mai son sanyin dare. Ɗa'ifa ta haura mita 1,800 daga teku, Kumasi ba ta kai 300 ba, dutsen Afadjato ma, da aka fi sani da tsawo a Ghana, bai kai 900 ba. Ga zafi, ga laima. Sannan akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, sai kuma an yi shekaru. A ƙasarsa babban itace ne da kan kai mita 30, katakonsa ja mai ƙamshi wanda gara ba ta cika ci ba, shi ya sa ake ginshiƙai da ƙofofi da turakun shinge da shi, har fensir an yi da shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Don Allah Baba ya dakatar da shan wannan dahuwa yau, ba sai ledar ta ƙare ba. Maganar "wanke ƙoda" ta ishe ni. A tirotiro, motar haya, ka ji ta, a rediyo ka ji ta, a kasuwar Kejetia mai lasifika na ta rantsuwa a kanta. Abin da ke faruwa shi ne man da ke cikin 'ya'yan ar'ar yana sa yawan fitsari. Mutum ya ga yana ta zagayawa, sai ya ce dauɗa ce ke fita. Ba dauɗa ba ce. Ƙoda mai rauni ake tilasta wa aiki, kamar jakin da ya gurgunce aka ƙara masa mangala. Nau'in Turai shi aka fi bincika, kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce mai ciwon ƙoda mai tsanani kada ya sha, ba ta kuma yarda mai juna biyu ta sha ba. In likita ya riga ya ɗora Baba a kan ƙwayar fitsari irin Lasix, to abu biyu ne ke jan ruwan jikinsa lokaci ɗaya, ba tare da likitan ya sani ba.

Kuma wa ya tabbatar muku wane ar'ar ne a ledar? Nau'insa ya haura 50, busassun 'ya'yan da yawa daga cikinsu kuwa kamanninsu ɗaya: 'yan ƙanana, baƙi-shuɗi, da farin gari a jiki. A cikinsu akwai Juniperus sabina, guba ce, an sha ta don zubar da ciki a Turai, mata sun mutu. Har na ga masu tsinkar ganyen itatuwan ado da ake sayarwa a bakin titi suna dafawa, wai ar'ar ne don ganyen ya yi kama. Yawancinsu wasu itatuwa ne daban.

Sai a ce ai daga ƙasa mai tsarki ya zo. Albarkar Makka da Madina ba ma musunta, amma leda ba ta zama magani don ta hau jirgin Jidda. Mai shagon da ya sayar bai auna jinin Baba ba, bai ga ƙafarsa ba, kuma ranar da aka kai ga wankin ƙoda da na'ura a asibitin Komfo Anokye, sau biyu ko uku a mako, ba shi zai biya ba. Ku ne za ku sayar da abin hannunku. Jiki amana ne, neman magani kuwa wajen masu saninsa ake yi. Ina masu tsoron Allah a cikin masu wannan talla?

Ka ɗauki ledar da ragowar 'ya'yan ka kai wa likitansa, ka faɗa masa sau nawa Baba ke sha da tun yaushe, a sake auna ƙodar. Kada ka yi wa tsoho faɗa, ka samu limaminku ko wani amininsa su lallashe shi. In kuma sha'awar shuka ce ke ranka, je ka cibiyar binciken gandun daji ta FORIG a Fumesua, su nuna maka irin da ƙasar Asante ke karɓa.