Ku Tambaya Mu Amsa: Sau nawa ake sake cika kwanson harsashi, kuma ya ake riƙe lissafin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni maharbi ne gadon gidanmu ne, kuma bindigata tana da lasin. Ƙanina da yake karatu a Amurka ya turo min bidiyo ta WhatsApp na wani dattijo maƙwabcinsu a jihar Tekzas, mutumin nan in ya yi harbi baya yar da kwanso, tsincewa yake ya je gida ya sake cikawa, kuma kowane akwati da takarda a manne ya rubuta 3, wani 5, wani 7. Toh muka yi ta musu a majalisa, wani abokina yace ai ƙarfe ne ko sau ɗari ka cika ba abinda zai same shi, lissafin nan iyayi ne kawai irin na Turawa. Sannan akwai wani da yake kawo mana harsashi ɗan ciko da araha. Dan Allah Malam a warware mana. Daga mai karatunku a Dukku, jihar Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare ku a daji. Gaskiya abokin naka bai yi daidai ba, dattijon nan idonsa da yatsunsa yake karewa da wannan 'yar takardar.

Kwanson raifal yawanci tagulla ce, jan ƙarfe kashi 70 tutiya kashi 30, an zaɓe ta ne saboda tana buɗewa ta manne da cikin bindiga lokacin da albarushi ya kama, ta toshe hayaƙi kar ya dawo fuskar mai harbi, sannan ta ɗan koma a iya zaro ta. Ƙarfin da ke cikin wurin ba na wasa bane. Harsashin .308 Winchester an ƙayyade masa har 62,000 a ma'aunin matsi da ake kira psi, shi kuwa mai faci in ya sa wa tayar ƙaramar mota iska wajen 32 yake tsayawa, kaga kusan ninki 2,000 kenan, kuma duk wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya da idonka. Duk harbi kwanson sai ya buɗe, duk ciko sai an matse shi ya koma girmansa na da, a buɗe a matse a buɗe a matse, ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya ka gani, tun tana bin hannunka har ta yi tauri ta karye. Haka tagulla take gajiya.

Wurin gajiyar uku ne. Wuyan kwanson yana tsagewa, wannan da sauƙin gani. Ramin gindi inda ake sa 'yar ƙwayar wutar da allura ke sara, wadda suke kira firaima, yana buɗewa har ta daina zama daram. Na ukun shine mai ban tsoro, jikin kwanson yana miƙewa gaba kaɗan kaɗan, sai bangon kusa da gindi ya sirance ta ciki inda ido baya gani, ranar da ya gaza sai ya rabe gida biyu a cikin bindiga. Wani tsohon soja a Bauchi ya taɓa ɗora min irinsa a tafin hannu, gindin daban jikin daban kamar an sa zarto an yanka, bakin yankan yayi baƙi da hayaƙi, wallahi tun ranar ban ƙara yiwa kwanso kallon ƙarfe kawai ba. Shi yasa masu wannan aikin suke duba wani zobe mai ƙyalli da ke fitowa sama da gindi, wasu kuma su lanƙwasa bakin siririyar waya su zura ciki suna shafa bango, in ta saƙale a wani kwari toh wannan kwanson ya gama aiki.

Yanzu lissafin. Ba ɗaya bayan ɗaya suke bi ba, da mutum ya haukace, rukuni rukuni suke yi. Ya sayi 50 ko 100 na kamfani ɗaya, toh tare zasu yi rayuwarsu, baya taɓa na akwatin gaba sai ya harbe waɗannan duka, sannan ya cika su rana ɗaya ya ƙara ɗaya a takarda. Wannan 3 da 5 da 7 da ka gani kenan. Wasu suna da littafi kamar yadda direban kirki yake rubuta ranar da yayi juyen baƙin mai, kwanan wata, sau nawa aka harba, sau nawa aka datse baki don tsawo yana ƙaruwa, sau nawa aka gasa wuyan da wuta don ya yi laushi irin yadda maƙeri ke yi. Wasu tawadar alƙalamin maka suke shafawa a gindi kowane zagaye da kalarsa, matsalar dai wanki yana goge ta, wasu kuma su yi ɗan tsagi da magagari a gefen gindin. Ni a ganina akwati da takarda yafi, don in mutum ya ga uku huɗu a rukuni ɗaya sun tsage ya san sauran ma suna hanya, sai ya zubar da su gaba ɗaya.

Adadi kuwa babu guda ɗaya, wani kwanson a biyar ya gaji wani ya haura goma, ya danganta da kamfani da bindigar da yawan matsin da ya sha. Na baƙin ƙarfe irin da yawa daga cikin na AK-47 ma galibi ba'a sake cika su.

Sai maganar mai kawo muku ɗan ciko, anan nake roƙonka ka saurare ni. Shi dattijon Tekzas ya san tarihin kowane kwanso nasa tun yana sabo, kai kuma wanda za'a miƙo maka a leda baka san a wane daji aka tsinto shi ba, damina nawa ta dake shi, sau nawa aka cika, wane albarushi aka ɗura kuma da wane ma'auni. Ga kuma doka, a Amurka mutum yana iya cika nasa a gida don amfanin kansa, mu a nan Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi da kansa, aikin gwamnati ne irin na masana'antar DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964. Lasin ɗinka na riƙe bindiga ne, bai baka izinin ciko ba, kuma bazai kare ka ba in aka same ka da na bayan fage. Ka saya wurin dila mai rajista, kwanson da ka harba kuma ka murƙushe bakinsa da filaya kafin ka yar don kar wani ya tsinta ya cika ya sayar wa ɗan'uwanka maharbi.

Ka gaida min mutanen majalisa, shi abokin naka kuma ka bashi waya ya lanƙwasa da hannunsa a gabanku.