Kafin ka sabunta direban katin hoto, ka san katin da ke cikin akwatin

Jiya da yamma muna rufe shago ka tambaye ni ko duk kwamfutar gem da aka kawo mana tana sarƙewa za ka fara da sabunta mata direban katin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da katin da ke zana hoton da kake gani a allo, sannan ka ɗora da tambayar da na gaji da ji daga bakin samarin Gusau, wai tsakanin Nvidia da AMD, manyan kamfanonin katin hoto, wa ya fi wani. Ban amsa maka a lokacin ba domin an kira magariba, kuma domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki. To ga amsar a rubuce, yarona, ka karanta ta a natse, ba irin karatun da kuke yi wa waya kuna shafa ta da yatsa kuna wucewa ba.

Ba zan ɓata lokaci ina nuna maka inda ake sauke direba ko maɓallin da ake dannawa a ɗora shi ba. Wanda ya shekara biyu a shagona bai san wannan ba, ya kamata ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciyarsa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sunan abin ma ya faɗi aikinsa. Kati shi ne mota, direba kuwa shi ne mai tuƙa ta, yana karɓar umarni daga Windows da gem yana isar wa kati da harshen da yake ji. Direba gwani yana iya sanin hanya ya rage maka tafiya, amma komai gwanintarsa ba zai mai da keke napep tirela ba. Ku yaran yanzu kun ɗauki sabuntawa kamar maganin gargajiya na bakin kasuwa, wanda aka ce yana warkar da cuta arba'in.

A hunturun 2019 wani mutum, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko da yake ka sha ganinsa yana wucewa ta ƙofar shagon nan, ya kawo mini kwamfutoci biyar a bayan mota. Ya ce ya buɗe gidan gem a unguwarsu, ya sa wa kowace kwamfuta katin Nvidia samfurin GTX 1050 Ti mai ma'ajiyar gigabait 4, amma da zarar yara sun kunna GTA V sun yi 'yan mintoci, sai hoto ya wargaje gem ɗin ta rufe kanta. Bukatarsa kawai, in ji shi, a sabunta direba. Ranar Juma'a ce, ina saurin zuwa ɗaurin aure Kaura Namoda, na kunna guda ɗaya a tsaye, na ga Windows ta rubuta sunan katin kamar yadda ya faɗa, na ce wa yaron da ke wurina a lokacin ya goge tsohon direba ya ɗora sabo a dukkansu. Ban kwance ko noti ɗaya ba. Ban leƙa bayan akwati ba. Ban rubuta lambar kati ko ɗaya a littafi ba, ni da nake alfaharin cewa tun zamanin da ake sa wa kwamfuta faifan fulofi nake wannan aiki.

Da na dawo da daddare na tarar da yaron ya yi tagumi. Duk biyar ɗin sun koma nuna hoto manya-manya kamar ba su da kati, kuma a wurin da Windows ke jera kayan da ke jikinta, kowane kati yana ɗauke da alamar nan mai ruwan ɗorawa da kuskure mai lamba 43. Na juya akwatin farko, sai idona ya faɗa kan ramin nan mai launin shuɗi na tsohuwar wayar monita, wato VGA. Nan gabana ya faɗi, domin GTX 1050 Ti na gaskiya, wanda ya fito a watan Oktoba 2016, ba ya zuwa da wannan rami. Na cire katin, na kwance fankarsa, na goge busasshen man da ke kan guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar katin da auduga, na haska da tocila. Lambar da ke jiki ta fara da GF, alhali kuwa da GP ya kamata ta fara. Harafin F na nufin Fermi, zubin 2010, harafin P kuma Pascal, zubin 2016. Abin da ke hannuna GTS 450 ne, tsohon kati mai gigabait 1, wanda wasu mazambata suka sauya wa bayos, wato 'yar manhajar da ke cikin katin mai gaya wa kwamfuta ko shi wane ne, domin ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba, suka yi masa sabuwar riga da sabon kwali.

Nan take na gane komai. Gem ɗin tana rufewa ne saboda kati ya yi mata ƙaryar yana da gigabait 4, da ta zuba kaya suka wuce ɗaya sai ta tarar babu wurin ajiya. Sabon direba kuwa ya ƙi shi ne domin Nvidia ta daina yi wa zubin Fermi sabon direban gem tun 2018, shi kuma direban da yaro ya ɗora yana magana ne da Pascal, ga shi babu Pascal a wurin. Irin waɗannan katunan na jabu da wani tsohon direba kawai suke tafiya, wanda mai sayarwa ke sakowa a faifai cikin kwali.

Washegari na kira mutumin, na shimfiɗa masa katunan a kan tebur, na nuna masa harafin da idonsa, ina zaton zai gode mini. Ya yi shiru, ya ciro waya, ya nuna mini hoton allon kwamfutarsa inda aka rubuta GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro, da hoton kwalayen, sannan ya ɗaga murya yadda maƙwabtan shago za su ji, ya ce shi katuna masu kyau ya kawo, suna aiki ya kawo su, a shagona aka musanya masa. Na nemi ya kawo faifan da suka zo da shi in mayar masa da su yadda suke, ya rantse babu wani faifai. Magana ta kai gaban manyan layinmu, waɗanda Allah ya sani mutanen kirki ne, amma babu wanda ya san bambancin F da P a cikinsu. Tambaya ɗaya suka yi mini: da aka kawo kayan ka rubuta lambobinsu a gabansa? Na ce a'a. Suka ce to a yi sulhu a raba asara, in saya masa katuna uku na gaskiya shi ya ɗauki biyu. Babur ɗina na sayar na cika kuɗin. Na yi wata bakwai ina zuwa shago a ƙasa, ina jin 'yan acaɓa na tambayar juna ko ba wannan ne mai gyaran da aka ce ya yi musanya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai bayan shekara ya zo kunnena. Wani abokin sana'a a Talata Mafara, muna hira, ya ce ai ya san kwamfutocin, wurinsa aka fara kai su, kuma ya gaya wa mai su cewa katunan jabu ne, ya sayi araha ya ga abin da araha ke haifarwa. Ashe da saninsa ya zo, yana neman wanda zai taɓa kayan ba tare da ya buɗe ba, sai ya same ni ina sauri. Har yau idan muka haɗu a masallaci yakan miƙo mini hannu, ni ma in miƙa masa domin Musulunci ya ce a yi, amma zuciyata ba ta taɓa miƙa nata ba.

Saboda haka ne kake ganin littafin nan mai baƙin bango da kuke yi wa dariya. Kowace kwamfuta ta shigo, a buɗe ta a gaban mai ita, a rubuta lambar da ke manne a bayan kati, a ɗauki hoto, ya sa hannu. Sannan a kunna GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, wadda tun 2018 take fallasa irin waɗannan katunan da kanta. GTX 1050 Ti na gaskiya zai nuna ƙananan injinan lissafi 768, na jabun kuwa 192. Haka kuma ka yi hattara da katunan AMD samfurin RX 580 da suka cika kasuwa bayan watan Satumba 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗin intanet. Da yawansu an taɓa musu bayos, sun yi shekaru suna aiki dare da rana, kuma direban AMD yakan ƙi katin da aka sauya wa bayos.

Idan ka tabbata katin na gaskiya ne, to kafin ka zargi direba ka zargi garin da kake ciki. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya kati har ta zama kamar bargo, sannan bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40 a inuwa. Yawancin katunan Nvidia na zubin Pascal idan suka kai kusan digiri 83 sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone, wannan ne sarƙewar da yaro ke gani bayan ya yi minti ashirin yana buga ƙwallo. Maganinta burushi ne da iska da sabon man sanyaya. A laftof kuwa sau da yawa gem ɗin ba ta ma hau babban katin ba, tana kan ƙaramin na Intel da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sabuntawa tana da amfani ne idan sabuwar gem ta fito kuma kamfanin ya rubuta cewa ya yi mata gyara a wannan fitowar, ko idan matsalar da kake gani an ambace ta a jerin abin da aka gyara, ko idan an toshe wata ƙofar ɓarayin intanet. Ka karanta bayanin da ke biye da kowane direba. Na san karatu ne ba ku so. In za ka yi, ka goge tsohon da DDU, manhajar goge direba, cikin sef mod, wato yanayin da Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai, ka cire intanet don kada Windows ta riga ka ɗora nata, kuma kada ka fara sai kana kan inbata, domin wuta ba ta sallama idan za ta tafi. Tsohon direban da ke aiki ka ajiye shi a filashi. Wanda ya ga watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, ya san darajar wannan filashin. A layin nan ni kaɗai nake da abin ɗorawa, masu yi mini dariya suka riƙa zuwa aro. Ko ba wannan, direba ɗaya ya haura megabait 600, kuma ba daga aljihunka kuɗin data ke fita ba.

Kada ka ɗauka sabo kullum shi ne lafiyayye. A watan Maris 2010 Nvidia ta janye direbanta mai lamba 196.75 saboda yana hana fanka juyawa yadda ya kamata, katuna suna ɗaukar zafi. AMD ma, bayan ta fitar da RX 5700 XT a 2019, masu shi sun yi watanni suna kukan allo yana yin baƙi, sai a farkon 2020 aka gyara yawancin matsalolin. Shi ya sa nake barin sabon direba ya yi mako biyu a hannun masu gaggawa kafin in kusance shi.

Batun wa ya fi kuwa, kun mai da shi kamar gardamar Real Madrid da Barcelona a gidan kallo, alhali babu kamfanin da ya san da zamanku. Wannan kishi ya girme ka. Nvidia, wadda Jensen Huang da abokansa suka kafa a Amurka a 1993, ta daɗe tana kokawa da ATI ta ƙasar Kanada kafin AMD ta saye ATI a 2006 a kan kimanin dala biliyan 5.4, kuma tun can a cikin direba ake wani ɓangaren yaƙin. A 2001 an gano direban ATI yana gane gem ɗin Quake III da sunanta ya rage kyan hoto domin gudu ya ƙaru, sai da masu bincike suka sauya wa fayil ɗin suna asiri ya tonu. A 2003 kuma kamfanin Futuremark ya zargi Nvidia da yin dabara makamanciyar wannan a manhajar gwajinsa ta 3DMark03. A 2015 aka gane cewa cikin gigabait 4 na GTX 970, rabin gigabait yana tafiyar hawainiya, har magana ta kai kotu a Amurka. Yanzu gasar ta koma kan dabarar zana hoto ƙarami a buɗa shi ya cika allo: Nvidia na da DLSS wanda sai katunanta na RTX, AMD ta fito da FSR a 2021 ta bar shi a buɗe har tsofaffin katunan abokiyar hamayyarta suna cin moriyarsa, Intel kuma ta shigo fagen a 2022 da katunan Arc. Wannan na Intel shi ne inda na yarda direba ya yi abin a zo a gani, domin da suka fito tsofaffin gem da aka gina kan DirectX 9, tsohon tsarin hoto na Windows, suna jan ƙafa a kansu, kafin shekarar ta ƙare sabon direba ya ɗaga su sosai. Amma fa a can ƙarfin yana cikin katin tun farko, direba ne bai iya tuƙi ba.

Idan mai saye ya tambaye ka, ka tambaye shi gem ɗin da zai buga, da kuɗin da ke hannunsa, da ƙarfin akwatin wutar kwamfutarsa, da kuma ko da sola zai kunna ta, domin RX 580 yana shan wuta fiye da ninki biyu na GTX 1050 Ti, kuma mai batir biyu zai gane haka kafin sallar isha'i. Ni a ra'ayina, ga mai gidan gem a garin nan, katin da ba ya shan wuta kuma ba ya zafi ya fi mai suna.

Kwamfutar da ke kan teburin baya, wadda ta jawo tambayarka, na leƙa bayanta da safe kafin ka iso, kuma na ga shuɗin rami. Kada ka ɗora mata komai, kada ka kwance noti ko ɗaya. Ka kira mai ita ka ce ya zo bayan la'asar, ya zo da kwalin katin da duk abin da ke cikinsa, har da faifai, sannan ka gaya wa mai shayin ƙofar shago ina so ya zauna tare da mu lokacin da za a buɗe.